Kwamfutar Yaw Ba Ta Tashi Sai Ran Alhamis

Kumawu, 6 ga Maris, 2005

Ƙaramin maigidana Bediako,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin Modena, can ƙasar Turawa, bai ƙarasa ka ba. Mu nan mun gode Allah. Ƙafar mahaifiyarka ta sake kumbura, amma bakinta lafiya lau yake, har ya fi na da. Ni kuwa ina nan cikin baƙaƙen kayana na takaba, ina cin abinci don kada a ce ban ci ba.

An yi arba'in ɗin kawunka Yaw. Dangi sun zauna sun kira sunanka, kai ne magajinsa, tunda kai ne ɗan ƙanwarsa na fari. Ban yi mamaki ba, shi kansa haka yake so. Sun ce ko tsinke kada ya fita daga ɗakinsa sai an yi bikin cika shekara da rasuwarsa, ka zo da kanka ko ka turo wakili. Makullin yana hannuna, ni ke share ɗakin.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kwamfutar nan da ka aiko masa shekara uku da suka wuce, ita ke neman ta kashe ni. Ka san kawunka. Shekara talatin yana kaɗa fiyano a coci, amma ko sau ɗaya bai buɗe baki ya rera waƙa ba, wai muryarsa ta kwaɗo ce. Duk abin da yake ɗauka a kwamfutar kiɗa ne zalla, yatsunsa kawai, don mawaƙan coci su koya. Bayan an binne shi da mako biyu na shiga na kunna ta yadda ya koya mini, ina buɗe kiɗan ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Sai na faɗa kan wani da ya manta bai tsayar ba. Yana cikin kiɗa, sai ga muryata daga madafa: "Yaw! Sakwara za ta huce, ni kuwa ba zan sake ɗumama miya ba!" Sai kiɗan ya tsaya. Ya yi dariyar nan tasa ta hanci, ya ce, "Ina zuwa, Akos, ina zuwa. Ajiye mini kan kifin." Sai ƙarar kujera, sai takunsa yana fita.

Bediako, abin da ya rage mini ke nan na muryarsa a duniya. Ba mu haihu ba, balle in ji ta a bakin ɗa. Hotuna kam akwai su cike da akwati, amma hoto ba ya kiran sunan mutum.

Yanzu kuma kwamfutar ta koyi taurin kai. Wata rana in na kunna sai ta tashi lafiya lau, in ji shi. Wata rana kuma sai baƙin allo da farin rubutu, wai ba ta ga faifan ajiya ba, in saka wani in danna maɓalli. Wane faifai zan saka? Ina wancan ya tafi, alhali akwatin a rufe yake, ba wanda ya taɓa shi? Na kashe na kunna, na ɗan mare ta a gefe yadda yake yi wa rediyo, duk a banza.

Kada ka ce in je shagon buga waya ka kira ni. Ba zan tsaya gaban rabin mutanen Kumawu ina kuka da waya a kunne ba. Ka rubuto mini dalla-dalla, kamar kana koya wa 'yar aji uku. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyar da aji uku, na san yadda ake bin umarni.

Matar kawunka,
Akosua Fosuaa

*

Modena, 25 ga Maris

Maame Fosuaa,

Na durƙusa na gaishe ki. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai ɗan tari da ƙurar masana'antar tayil ke sa mu duka. Ki gaishe mini da mahaifiyata, ki ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan kujera, ta kuma rage gishiri, ko da yake na san ba ji za ta yi ba.

Da na ga kin kira ni ƙaramin maigida kamar da, yadda matar kawu ke kiran ɗan ƙanwar mijinta a wurinmu, sai da na ajiye takardar na fita waje. Mutumin da ya riƙe ni tun ina ɗan shekara bakwai, ya kai ni Kumasi koyon gyaran kwamfuta da hannunsa, an saka shi a ƙasa ina nan ina lodin tayil, don in na fita ƙasar nan ba ni da takardar dawowa. Abin nan ba zai bar zuciyata ba. Saboda haka muryar nan, ni ma ina so in ji ta, ko sau ɗaya ne.

Ga yadda abin yake. Faifan bai je ko'ina ba. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a ciki, bai fi gwangwanin kifi girma ba, a cikinsa akwai farantai masu juyawa. In kin kunna, kwamfutar takan kira shi. In bai amsa da wuri ba, sai ta ce babu shi. Aikinmu shi ne mu gano abin da ke hana shi amsawa.

Da farko ki zare wayar wuta daga bango, ki tabbatar kin zare. Sukurudireban kawuna, Wofa Yaw, yana cikin gwangwanin madarar nan na kan taga, in dai ba a kawar ba. Ki kwance noti biyu na baya, ki zame murfin gefe. Za ki ga wata waya mai faɗi, ruwan toka, kamar ɗamara. Ki danna bakinta na jikin faifan da babban yatsa, ki danna ɗaya bakin ma, har su zauna daram. Kusa da ita akwai farin filogi mai wayoyi huɗu, ja da rawaya da baƙaƙe biyu, shi ma ki tura shi sosai. Akwai kuma ɗan batir irin na agogo a manne da babban allon ciki, ki ba direba ya sayo miki irinsa a Kumasi ki canza. Ƙura kuwa da busasshen buroshi za ki share. Ban da ruwa, don Allah, na san ki da wanki.

Daga nan ki samu littafi. Sau ɗaya kawai za ki kunna a rana. Ki rubuta ranar, da lokacin, da ko ta tashi ko ba ta tashi ba. Ki kuma kara kunnenki a jikin akwatin ki gaya mini abin da kika ji: wani abu ya kama juyawa sumul, ko kuwa yana yunƙuri yana fasawa? Kuma ki daina marin ta, ba rediyo ba ce.

In duk wannan bai yi ba, a cire faifan a aiko mini nan. Ai yanzu kayan Wofa a wuyana suke, hannuna ya kamata su zo.

Ɗanki,
Bediako

*

Kumawu, 15 ga Mayu

Bediako,

Muna lafiya, da fatan tarin ya sake ka. Ruwa ya sauka sosai, rogo ya yi yawa, maƙwabcinmu Agya Ntim ya hana mu sakat. Tun Kirsimeti da ya sayar da tsohon injinsa na gas ya kafa na lantarki, daga safe har yamma gurzar rogo yake, mata sun yi layi har bakin ƙofarmu. In ya tayar da shi, ƙwan fitilar ɗakina har ja yake yi kamar idon mashayi. Na yi masa magana, ya ce, "Tica, garin da kike sha da gyaɗa daga sama yake faɗowa?" Na ƙyale shi, ba a faɗa da mai takaba, ita ma ba ta faɗa.

Na yi duk abin da ka ce. Na buɗe cikin kwamfutar da hannuna, na tarar da gidan gizo-gizo da wata busasshiyar tsaka. Na danna ɗamarar, na tura filogin, na canza batir. Na samu littafi, na ja layi da rula. Mako biyar ke nan ina rubutawa, ban da Lahadi, don kawunka bai taɓa kunna ta ran Lahadi ba, ni ma ba zan fara ba. Da yamma kuma ba na shiga ɗakinsa.

To, saurara. Litinin, babu. Talata, babu. Laraba, Juma'a, Asabar, babu. In na kara kunne sai in ji yana yunƙuri kamar tsohuwar mota a hawa, sai ya fasa. Amma Alhamis biyar na gwada, Alhamis biyar ta tashi. Ko sau ɗaya ba ta saɓa ba.

Kai mai ilimi, gaya mini, wa aka haifa ran Alhamis a gidan nan? Ai ba banza aka sa masa Yaw ba. Ranarsa ce. Ban gaya wa Fasto ba, don wa'azi zai yi mini. Ban gaya wa kowa ba sai kai. Yanzu ran Alhamis nakan yi wanka da wuri, in daka sakwara, in sa kan kifi a kwanonsa in rufe, sa'an nan in shiga in kunna. Gari tsit, don a al'adarmu ranar hutun ƙasa ce, ba mai taɓa ƙasa da fartanya, ba mai tonon rogo, injin Agya Ntim ma hutawa yake. Daga ni sai shi. In kira shi, ya amsa. Kwana shida nake jira don rana ɗaya, kuma ta ishe ni rayuwa. Ba abin da ya lalace, Bediako. Yana zuwa ne ranar da aka ba shi izini.

Yanzu sauran magana. Layin ƙarshe na wasiƙarka na karanta shi ya fi sau goma. Wai kayan Wofa hannunka ya kamata su zo. Sannu, magaji! Gida naku ne, gonar koko taku ce, fiyanon ma naku ne, ban ce uffan ba, a cikin al'adar aka haife ni. Amma ko shekara ba a cika ba, har ka fara miƙo hannu daga Modena? Mahaifiyarka ma ta fara tambayata me nake yi a ɗakin nan ni kaɗai da ƙofa a rufe. Ashe bakinku ɗaya. Ni na yi maka wanka da ruwan ganye lokacin da ƙyanda ta kwantar da kai, ni na ɗinke maka wandon makaranta. Na san ba ni da ɗan da zai tsaya mini a gaban dangi, ba sai an tuna mini ba. Ka kwashe komai ran bikin shekara. Faifan nan kuwa, sai dai in bayan raina.

A. Fosuaa

*

Modena, 1 ga Yuni

Maame Fosuaa,

Ina gaisuwa, tarin ya yi sauƙi. Wasiƙarki ta zo jiya, ta kuma ƙona ni. Allah shaida ne ban nufi gado ba. Nufina in kwafe abin da ke ciki a wuri uku, huɗu, in mayar miki da kayanki. Ni da mahaifiyata ba mu taɓa maganar nan ba. Gidan nan kuwa, muddin ina numfashi, ba mai ɗaga ki daga cikinsa. Hannuna ne bai iya rubutu ba, ki yafe mini.

Amma Maame, albishirinki! Kin gano ciwon da kanki ba ki sani ba. Na shimfiɗa wasiƙarki na karanta sau uku, a na ukun sai da na buga tebur har abokin ɗakina ya tsorata. Ba Wofa ba ne, injin Agya Ntim ne! Duba mana. Ku da shi turken wuta ɗaya kuke ja. In ya tayar da injinsa sai ya shanye ƙarfin wutar, shi ya sa ƙwanki ke ja. Akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar kuwa tsoho ne tun ranar da na saye ta, ba ya iya tura farantan su juya da ragowar wuta. Yunƙurin da kike ji ke nan. Kafin faifan ya farka, kwamfutar ta gaji da kira, ta ce babu shi. Ran Alhamis ba a taɓa ƙasa, ba a tonon rogo, ba a gurza, wuta ta cika, faifan ya tashi garau. Shi ke nan fa! Shekara shida ina gyara, ban taɓa cin karo da ciwon da ya san ranakun mako ba sai wannan.

In kina son shaida, ki gwada ran Lahadi bayan an taso daga coci, tunda ranar ma injin ba ya aiki. Za ki ce na gaya miki.

Maganin mai sauƙi ne. Sista Boatemaa, 'yar cocinmu ta nan mai kai kaya gida, za ta zo cikin watan Yuli. Zan ba ta sitabilaiza da sabon akwatin wuta. In an haɗa, kullum za ki riƙa jin sa, ba sai Alhamis ba.

Ɗanki,
Bediako

*

Modena, 3 ga Yuni

Maame,

Gaisuwa a gurguje. Shekaranjiya na jefa wasiƙa cikin ɗoki, na manta da abin da ya fi komai. Don girman Allah, kada ki kunna ta in injin yana aiki, ko sau ɗaya, ko da na ce a da ki riƙa gwadawa kullum. Allurar da ke karanta faifan a kan iska take yawo, tsakaninta da farantin bai kai kaurin gashi ba. In wuta ta faɗi tana cikin karatu, tana iya kartar wurin. Ki jira Boatemaa.

Na kuma yi ta tunanin yadda na rubuta miki cewa ba Wofa ba ne, har da murnata. Ban kyauta ba. Ni me na sani game da inda matattu ke zuwa da ranar da suke dawowa? Waya da noti kawai na sani.

Bediako

*

Kumawu, 24 ga Yuli

Bediako,

Ina gaishe ka. Lafiyar jiki kam akwai.

Wasiƙarka ta farko ta iso ran sha biyar ga Yuni. Ta biyun, wadda ka ce kada in kunna, sai ran ashirin da bakwai ta iso. Ban san inda ta kwana ba. Tsakaninsu kwana goma sha biyu, kuma a cikin kwanakin nan na kashe mijina karo na biyu.

Da na karanta ta farkon, ban ci abinci ba ranar. Albishir ka ce. Ka ƙwace mini Alhamis ɗina ka ce albishir. Ran Lahadi na dawo daga coci, ko ɗankwali ban cire ba na shiga na kunna, ina roƙon Allah kada ta tashi. Ta tashi. Na ce wa kaina, to ai Lahadi ranata ce, ranar aka haife ni, shi ya sa nake Akosua, ya zo gaishe ni ne. Amma zuciya ta riga ta ji abin da ta ji.

Sai na yi rantsuwa. Na ce in dai Yaw ne, injin gurzar rogo bai isa ya tare masa hanya ba. Mutumin da ya taka a ƙafa daga nan har Bodomase cikin ruwan sama don kawai ya gaida ubana? Ran Talata na zauna gabanta tun hantsi, injin yana ta ruri, ina kunnawa ina kashewa. Na daina ƙirgawa a ashirin. Ina cewa, "Yaw, ka kunyata yaron nan, ka fito." Wajen azahar sai ta tashi. Na yi tsalle, Bediako, ni da shekaruna, na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. Ban ma lura gari ya yi shiru ba, ashe Agya Ntim ne ya kashe injin zai ci abinci. Na buɗe. Kiɗan ya fara. Na ji kaina ina kiran sa. Daidai nan Agya Ntim ya gama cin abincinsa. Ƙwai ya yi ja, na ji wani ƙas a cikin akwatin, allon ya mutu.

Tun daga ranar ba ta sake ganin faifan ba. Yunƙurin ma ya daina, sai ƙas, ƙas, ƙas. Ran Alhamis na daka sakwara, na rufe kan kifi, na shiga. Ƙas, ƙas, ƙas.

A ƙasa mahaifiyarka ta same ni zaune, ban rufe ƙofa ba. Na gaya mata komai. Ta dube ni ta ce, "Akosua, muryar yayana tana cikin ɗakin nan wata biyar, kika bar ni a tsakar gida ina tsince wake?" Ni da nake zaton kayan take so. Ta ce, "Kafin ya zama mijinki, shi ya goya ni zuwa rafi. Tashi, ɗauko abin kwance notin." Na ce dangi sun ce ko tsinke kada ya fita. Ta ce, "Ni ce dangin. Wanda bai yarda ba ya zo ya same ni, ƙafata ce ta kumbura, ba bakina ba."

Ita ta riƙe akwatin, ni na kwance. Mun naɗe faifan a farin zanensa na Alhamis, mun sa a gwangwani, mun cusa auduga. Sista Boatemaa ta kawo sitabilaizar da akwatin wutar, suna nan a kwalinsu ban buɗe ba. Jibi za ta koma, faifan yana cikin jakar hannunta, na sa ta rantse ba za ta sa shi cikin kaya ba.

Abin da na ce sai bayan raina, ga shi na aiko da raina. Maganar da na gaya maka a waccan wasiƙa, ka zubar da ita. Ka dawo mini da shi, ɗana. Kalma tara ce kawai.

Fosuaa

*

Kumawu, 11 ga Satumba

Bediako,

Muna lafiya. Boatemaa ta aiko wa 'yar'uwarta cewa ta damƙa maka saƙon hannu da hannu tun farkon Agusta. Kullum sai na je gidan waya, har mai ba da wasiƙu ya fara girgiza kai tun daga nesa. Fushi kake da ni? In fushi ne, na cancanta, amma ka rubuto ka zage ni. Shirun nan ya fi zagi ciwo. Mahaifiyarka ta ce in gaya maka ita ma tana jira.

Fosuaa

*

Modena, 28 ga Satumba

Maame Fosuaa,

Na durƙusa na gaishe ki, ke da mahaifiyata. Ba fushi nake ba. Kunya ce ta hana ni rubutu. Sau huɗu ina farawa ina yagewa.

Faifan ya iso lafiya cikin zanen Wofa. Na haɗa shi da kwamfutata, ƙas ɗin nan na ji. Na yi mako biyu ina yawon kasuwar tsofaffin kaya har na samu faifai irinsa sak, na cire allon bayansa na ɗaura wa na Wofa. Na naɗe shi a leda na sa a firiji, wata dabara ce ta masu gyara, sanyi kan sa ya ɗan farfaɗo. Sai ya riƙa ba ni minti goma, minti ashirin, kafin ya sake suma. Da haka, kaɗan-kaɗan, na kwashe kiɗa arba'in da uku. Duk suna nan lafiya, ko ɗaya bai yi rauni ba.

Na arba'in da huɗun shi ne namu. Sau goma sha ɗaya na gwada, sau goma sha ɗaya yana tsayawa a wuri ɗaya. Daga ƙarshe na kai shi Bologna wurin wani tsohon Bature mai ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Ya buɗe, ya kira ni in duba ta gilashi. A kan farantin akwai wani siririn zobe inda allurar ta karta, a gefe kuma wata 'yar ƙura mai ruwan toka, ba ta kai abin da zai manne a kan yatsa ba. Ya nuna ƙurar ya ce, "Ga abin da kake nema nan." Na roƙe shi ya sake dubawa. Ya dafa kafaɗata kawai.

Maame, yatsunsa na samo, muryarsa ban samo ba. Ni ma ban taɓa jin ta ba, ba kuwa zan ji ba. Kada ki ce ke kika yi. Ni na ce ki riƙa kunnawa kullum. Ni na rubuto miki albishir na manta da gargaɗi, don ina ɗokin in nuna na iya. Da na haɗa wasiƙun nan biyu a ambulan ɗaya, da yanzu kina jin sa.

Ga kaset biyu. Na farkon kiɗan ne, ki ba mawaƙan coci su ma su kwafa. Na biyun na manne shi da farar takarda. Abin da ya tsira ne daga na arba'in da huɗu: kiɗan, da kiranki, daga nan babu komai. Na so in riƙe shi, sai na ga ba ni da ikon ɓoye miki abinki. In ba za ki iya ba, kada ki buɗe.

Ɗanki,
Bediako

*

Kumawu, 23 ga Oktoba

Ƙaramin maigidana,

Ina gaishe ka. An fara tsinkar koko, gonar ta yi kyau bana. Ƙafar mahaifiyarka ta sace, ta dawo ɗakina da kwana, wai don ta riƙa sa mini ido, amma ni na san kaɗaici ne ya ishe ta. Kaset na farko yana hannun mawaƙan coci. Ran Lahadi da shi aka yi waƙar shiga, mutane da yawa sun yi kuka.

Ka daina cewa laifinka ne, ni ma zan daina cewa nawa ne, in na iya. Ka sa shi a firiji, ka kai shi har wani gari. Kawunka da ya ji an sa kayansa a firiji, da sai ya yi dariyar nan tasa.

Na biyun ya yi kwana tara a ƙarƙashin matashina. Ran Alhamis da ta wuce na daka sakwara, na ce wa mahaifiyarka ta zo ta zauna, wannan karon ba zan rufe mata ƙofa ba. Na yage farar takardar, na saka a rediyonsa. Kiɗan ya fara. Sai ga ni daga madafa, da ƙarfina, ban san komai ba: "Yaw! Sakwara za ta huce, ni kuwa ba zan sake ɗumama miya ba!" Kiɗan ya tsaya. Muka jira. Kaset yana ta juyawa.

Mahaifiyarka ta ce, "Daga nan me ya ce?" Na buɗe baki in gaya mata, na san kalmomin, amma na kasa kama yadda yake faɗin Akos. Ya fara guje mini, Bediako. Wata tara kawai.

Kada ka ce kaset ɗin bai cika ba. Daidai yake. Haka nake kira a gidan nan tun watan Janairu, haka kuma ake amsa mini.

In takardarka ta fito, ka zo bikin shekara. In ba ta fito ba, ka turo wakili, makullin yana nan. Da muka fito cin abinci ranar, na tsamo kan kifin daga tukunya, na tsaya da shi a ludayi ban san kwanon da zan sa ba. Mahaifiyarka ta miƙo nata.

Matar kawunka,
Akosua Fosuaa